Bindigar Farauta a Hannun Yaro

Sharhinmu na yau zai kai mu ƙauyukan Amurka, inda da zarar kaka ta kama, ganye ya fara zuba, iyaye maza ke shiga wata muhawara da kunnen Bahaushe zai ji ta banbaraƙwai: wace bindiga ce ta dace a saya wa yaro ɗan shekara 9 ko 10?

Na san wani zai ce subhanallahi, yaro da bindiga, a wannan marra da muke ciki? Yana da hujjar razana. Amma ku ɗan ba ni aron kunnuwanku. Bindigar da ake magana a kai ta harbin tsuntsaye ce, irin wadda ba ta fitar da harsashi guda ɗaya, sai dai ta watsa ƙananan ƙwayoyi masu yawa lokaci guda. A jihohi irin su Wisconsin da Minnesota da Arkansas da Texas, farauta gado ce ga dubban gidaje. Kaka ya yi, uba ya yi, ana sa ran ɗa zai yi. Suna harbin agwagwar ruwa da kurciya da talo-talon daji da zomo da kurege, su kai gida a ci.

Hukuma ma tana da nata rabon a ciki. Tun 1937 akwai wata doka da ake kira Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin kashi 11 cikin 100 da ake karɓa a kan irin waɗannan bindigogi da harsasansu, ake raba wa jihohi kuɗinsa don su kula da dazuzzuka da namun daji. Ga kuma kuɗin lasin farauta. To idan mafarauta suka tsufa babu masu tasowa, asusun ya ƙafe ke nan. Shi ya sa jihohi da yawa suke ware wasu ranaku na musamman don yara kafin a buɗe wa manya lokacin farauta. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin yadda ake zawarcin yaran ba.

Dokar tarayyar ƙasar, tun 1968, ta hana dillali mai lasin sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba doguwar bindiga. Sai dai ba ta hana uba ya saya ya miƙa wa ɗansa ba. Wannan an bar wa jihohi, kowace da nata tsari. A Wisconsin, da can sai yaro ya kai shekara 10 kafin ya shiga daji da bindiga tare da babba mai kula da shi. A 2017 gwamnan jihar na lokacin, Scott Walker, ya sa hannu a dokar da ta cire wannan iyaka ɗungurungum. Ko a Ingila, da ake ganin ta fi kowa tsauri, doka ba ta yanke mafi ƙarancin shekarun samun takardar mallakar bindigar tsuntsaye ba, illa dai wanda bai kai 15 ba dole ya kasance tare da babba ɗan shekara 21 ko fiye idan zai riƙe ta.

To tunda doka ta bar wa uba wuƙa da nama, me yake dubawa?

Abu na farko da ake gardama a kai shi ne faɗin bakin bindigar, abin da suke aunawa da geji. Lissafin na mutanen da ne. A ɗauki dalma laba ɗaya, wato ƙasa da rabin kilo da kaɗan, a raba ta dunƙule-dunƙule daidai wa daida. Idan dunƙule 12 aka yi, kowanne ya cika bakin bindigar cif, to wannan ita ce mai geji 12. Idan 20 aka yi, mai geji 20 ke nan. Kun ga ke nan, lamba tana hawa, baki yana tsukewa. Mai geji 12 ita ce ta manya, faɗin bakinta ya haura milimita 18. Mai geji 20 ba ta kai milimita 16 ba. Sai ƙaramarsu, wadda ake kira 410, da faɗin bakinta bai wuce milimita 10 da 'yan kai ba.

Uban da bai sani ba, da ya shiga kanti idonsa kan 410 yake faɗawa. Siririya ce, ba nauyi, ba ta da shuri sosai, kai ka ce don yara aka ƙera ta. A nan ne tsofaffin mafarautan suke ja masa birki. Ƙaramin harsashin 410 ƙwayoyin da ke cikinsa ba su wuce giram 14 ba, alhali na geji 20 yana ɗauke da kusan giram 25. Ƙwayoyi kaɗan, watsuwa kaɗan. Wanda zai sami kurciya tana gudu a sama da wannan, sai gwani wanda ya shekara yana harbi. Yaro kuwa zai yi ta harbi yana kuskure, abokansa suna ɗauko tsuntsaye shi yana ƙirga kwanso, kafin azahar ya tsani abin baki ɗaya. Mafi muni, zai riƙa raunata tsuntsu ya tafi da ciwo ya mutu a wani wuri. Idan kurege ne zaune a reshe ko gwangwani a kan kututture, 410 ta wadatar. Abin da ke tashi sama kuwa, ba ta yaro ba ce.

Tarko na biyu ya fi na farko kama iyaye, domin aljihu ne ke jan su zuwa gare shi. Akwai wata bindiga mai cin harsashi ɗaya tal, wadda ake karyawa a tsakiya a zura mata harsashin a mayar. Tana da araha, ga sauƙin sha'ani, kuma kowa yana iya hango ta a karye ya san babu abin da zai tashi. Wannan alheri ne babba. Amma ba ta da nauyi, kuma a harkar bindiga rashin nauyi ba rahama ba ne. Ƙarfin da ya tura ƙwayoyi gaba, shi ne yake turo bindigar baya. Idan tana da nauyi, ita za ta shanye wani abu daga ciki. Idan sakayau take, kafaɗar yaron ce za ta shanye. Don haka sai ka ga 'yar ƙaramar bindiga mai geji 20, da nauyinta bai fi kilo 2 da ɗoriya ba, tana shurin yaro fiye da yadda ta ubansa ke shurin uban. Da yawa daga cikin irin wannan kuma suna da wani ɗan ƙarfe a baya da ake ɗanawa da babban yatsa kafin a ja kunama. Idan tsuntsun ya tashi kafin a harba, sai an sauke ƙarfen a hankali, ana riƙe da shi da yatsa. Yatsan ɗan shekara 9, da sanyin safiya, cikin safar hannu, ba abin dogaro ba ne. Ya suɓuce, bindiga ta tashi.

Shi ya sa yawancin masu koyar da harbi suka fi karkata ga geji 20 mai ɗan nauyi, a sa mata harsashi marar ƙarfi. Ko dai mai zugewa, irin su Remington 870 da Mossberg 500 waɗanda kamfanonin ke fitar da samfurin yara, ko kuma mai ɗura kanta da hayaƙin harbin, wadda ta fi kowace sassauta shuri amma ta fi tsada. Kuma ko wacce aka ɗauka, harsashi ɗaya ake sa wa yaro. Sauran suna aljihun babba.

Ni a ganina duk wannan gardamar geji ba ta kai ta tsawon gindin bindigar muhimmanci ba, ga shi ita aka fi mantawa. Mu nan mun saba, idan za a ɗinka wa yaro kayan Sallah sai a ce wa tela ya ƙara masa tsawo, ai girma zai yi. Iyayen can ma haka suke so su yi da bindiga, a saya babba ta kai shi shekara 18. Riga idan ta yi yawa naɗe hannu ake yi. Bindiga idan ta yi yawa, ga abin da za ka gani. Tazarar da ke tsakanin kunama da ƙarshen katakon da ke zama a kafaɗa, a ta manya inci 14 ce ko ta ɗan haura, yaro kuwa 12 zuwa 13 yake bukata. Ka miƙa masa ta manya, hannunsa na hagu ya miƙe sambal don ya kai ga mariƙin gaba, nauyin bakin ya rinjaye shi, sai ya turo ciki gaba ya gantsare baya don ya daidaita. Kuncinsa ba ya zama a kan katako. Gindin bindigar, maimakon ya kwanta a lungun kafaɗa, sai ya zame kan damtse. Ya ja kunama, ta doke shi a damtsen, katakon ya haɗa masa da muƙamuƙi, ya yi taga-taga baya. Ba zai yi kuka ba saboda baba yana kallo. Amma a harbi na biyu ka duba fuskarsa: tun kafin yatsa ya motsa ya runtse ido, ya janye kai. Wannan tsoron idan ya shiga jiki, wasu har su girma bai fita ba. Kuma yaron da ke harbi ido a rufe, bai san inda bakin bindigarsa ya nufa ba.

Akwai wani ɗan gwaji da masu koyarwa ke yi kafin a je kanti, ba ya cin ko sisi. A ce wa yaro ya buɗe ido biyu, ya nuna wani abu can nesa da yatsa, a ce ƙusa a jikin bango. Sai ya rufe idon hagu. Idan yatsan yana nan kan ƙusar, idon dama ne ke jagora. Idan ya ga yatsan ya yi tsalle gefe, to na hagu ne. Ba kowane mai amfani da hannun dama ba ne idonsa na dama ke jagora. Yaron da aka ɗora wa bindiga a kafaɗar dama alhali idon hagu ke gani masa, zai yi ta harbin gefen tsuntsu, ana yi masa faɗan bai mai da hankali ba, alhali laifin na wanda bai gwada shi ba ne.

Kunne ma haka. Ƙarar bindigar tsuntsaye takan haura ma'aunin ƙara 150, likitocin kunne kuwa sun ce daga 140 harbi ɗaya yana iya yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Gajeren baki, irin wanda ake yi wa bindigar yara, yana ƙara matso da ƙarar kusa da kai. Don haka abin toshe kunne da tabarau ba ado ba ne. Sai batun launi: harsashin geji 20 rawaya ake yin sa, da gangan. Domin idan ya faɗa cikin mai geji 12 zamewa yake yi ya maƙale a cikin bututun, mai ita ya zaci babu komai ya ƙara wani a baya, ya harba, bindiga ta tarwatse a hannunsa. Uba da ɗa da suka fita da bindiga iri biyu, suka zuba harsasai a jaka ɗaya, sun kira wa kansu musiba.

Duk wannan ilimi ne mai kyau, kuma ban raina shi ba. Jihar New York ce ta fara wajabta wa sabon mafarauci zama ajin koyon tsare kai a 1949, yau kusan ko'ina a ƙasar haka ake yi. Ana koya wa yaro ya ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba ya nufin harbi, yatsa ya nisanci kunama sai lokacin harbi, ya kuma tabbatar da abin da ke gabansa da abin da ke bayan abin. Ƙungiyar matasan karkara ta 4-H tana da nata shirin koyar da harbi, makarantun sakandare da yawa suna da gasar harbin faifan yumɓu. Yaran da suka bi ta wannan hanya, da babba tsaye a bayansu tazarar kamu ɗaya, ba su ne suka fi ba ni tsoro ba.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne sauran ranakun shekara. Farauta 'yan makonni ce. Bindiga kuwa tana gida dare da rana.

A 2013, a wata karkara ta jihar Kentucky, wani yaro ɗan shekara 5 ya harbe ƙanwarsa 'yar shekara 2. Bindigar tasa ce, kyauta aka ba shi, 'yar ƙarama ce da aka ƙera musamman don yara. Tana jingine a lungun ɗaki, mutanen gidan ba su san da sauran harsashi a ciki ba. An zaɓi bindiga daidai tsawonsa, daidai nauyinsa. Abin da ba a zaɓa ba shi ne inda za ta kwana. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka sun nuna cewa a 2020 bindiga ta zarce haɗarin mota, ta zama abin da ya fi kashe 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar. Gaskiya ne mafi yawan wannan kisan kai ne da kuma masu halaka kansu, ba haɗarin farauta ba. Amma matashin da ransa ya ɓaci na dare ɗaya, bindigar da ya san inda take ita yake nufa, kuma sau da yawa ta gidansu ce. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta daɗe tana cewa gidan da ya fi aminci ga yaro shi ne wanda babu bindiga, idan kuwa akwai, to a kulle ta babu harsashi, a kulle harsasan a wani wuri dabam.

Kotu ma ta fara kallon iyaye. A jihar Michigan, wani ɗalibi ɗan shekara 15 ya kashe 'yan makarantarsu 4 a garin Oxford a 2021, da ƙaramar bindigar da ubansa ya saya masa 'yan kwanaki kafin nan. A 2024 aka sami uwar da uban da laifin kisa ba da gangan ba, aka ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15.

Don haka idan aka tambaye ni, ni dai ban ga bindigar tsuntsaye da ta dace da ɗan shekara 6 ko 7 ba, ko da an rage mata tsawo, ko da an fenta ta ruwan hoda kamar yadda wasu kamfanoni ke yi don jawo hankalin 'yan mata. Yaron da ba zai iya ɗaga ta ya riƙe a kafaɗa ba tare da ya gantsare ba, jikinsa bai kai ba. Wanda kuma za a ce masa tsaya ya ce to, amma ƙafarsa na ci gaba da tafiya, hankalinsa bai kai ba, ko da ya shekara 14. Kalmar nan ta "bindigarka ce" ma ban so ta ba. Bindigar uba ce, yana ara wa ɗansa a gaban idonsa, ya karɓe abarsa kafin a shiga mota.

Bari mu waiwayo gida, domin mu ma muna da mafarauta, kuma sun riga Amurkawa sanin wani abu. A gidan maharbi, yaro ba ya farawa da bindiga. Da danƙo yake farawa, yana fakon kurciya a bayan gari. Ya koyi ɗana tarko. Idan rani ya yi, an kau da amfanin gona, an fita farauta, shi ne mai jan karnuka, shi ne mai ɗauko zomon da aka kashe. Shekara da shekaru yana bin sawun manya, yana koyon inda ake tsayawa da inda ba a giftawa, kafin wani ya yarda ya miƙa masa adaka. Wannan jinkirin shi ne makarantarsu. Dokar Najeriya ta bindigogi, ta 1959, ita ma ta yanke magana: ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasin. Bindigar tsuntsaye sai da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuma sai da na kwamishinan 'yan sandan jiha.

Sai dai halin rashin tsaro ya shigo da bindiga gidajen da ba su gaji farauta ba. Manomi a ƙauyen Zamfara ko Katsina da ya nemi ta ƙirar gida don tsare iyalinsa, ba ni ne zan zauna a ɗakin rediyo in yi masa hukunci ba. Amma adaka tana da wani hali da ya sa ta fi duk bindigogin da muka lissafa haɗari a cikin gida. Ta baki ake ɗura ta, a zuba albarushi, a zuba ƙwayoyi, a danna da sanda. Da zarar an ɗura, fitar da abin aiki ne, don haka yawanci a ɗure take kwana, a ɗure take wuni, a bayan ƙyaure ko ƙarƙashin gado. Babu wata alama a jikinta da za ta gaya wa yaro akwai wuta a ciki. Mai gida ya tafi kasuwa, uwar gida tana madafa, yara biyu suna wasan ɓarawo da ɗan sanda a tsakar ɗaki.

Maigida, ko kai maharbi ne, ko ɗan sintiri, ko mai gadi, idan akwai bindiga a gidanka, yau kafin ka kwanta ka nema mata akwati ko ɗaki mai kwaɗo. Albarushi da harsashi ka raba su da ita. Makullin ya zauna a jikinka, kada ka rataye shi a ƙusa. Uwar gida, ke ma kina da bakin magana a nan: idan ɗanki zai je wasa gidan maƙwabta, ba rashin kunya ba ne ki tambayi matar gidan inda mai gidanta yake ajiye tasa.

Allah Ya tsare mana zuri'a.